Garin da na riƙa zuba wa Mama a kunu

A shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun talakawa, ni tela ce a Samaru. Ina da ɗan shago a layin da ɗalibai ke kama haya, da keke ɗaya, da dutsen guga na gawayi. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, Turanci kuwa harafi-harafi nake karanta shi, kafin in kai ƙarshen layi na manta farkonsa. Maigidana direba ne, muna da yara biyu, muna zaune a ciki da falo a gidan haya. Duk wanda ya san ni a lokacin ya san ni da damuwa. In na rufe shago na kama hanya, sai na dawo na duba ko na kashe gawayin guga. In yaro ya yi tari sau ɗaya, ni a raina har na ga gadon asibiti. Maigidana yakan ce da damuwa sana'a ce da tuni mun gina bene a Palladan. Ina roƙon edita ya ɓoye sunana, ni ma ba zan kira sunan kowa ba, domin wasu da abin ya shafa suna raye.

Ni ce auta a wurin mahaifiyarmu. Tun rasuwar Baba tana ƙauyenmu a kudancin Kaduna tare da Yaya, babban wanmu, tana noman tamba da riɗi, tana kiwon awaki. Wata damina santsi ya kwashe ta a bakin madafa, ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. Yaya ya ce a kira maɗori kamar yadda aka saba, ni kuwa na tayar da hankalin kowa na ce sai an kawo ta Zariya. Ya yi ta mita yana kirana likitar Samaru, amma ya sako ta a mota da ƙullin kayanta da rabin buhun tamba da ta ce ba za ta tafi ta bari ba. A babban asibiti aka ɗauki hoto, aka ɗaure hannun, ya warke daidai. Daga ranar na ɗauka duk gidanmu ni kaɗai na san abin da ya dace da Mama.

Ranar da aka kwance ɗaurin, likita ya ce ƙashin Mama ya yi rauni, kamar yadda yakan faru ga mata in shekaru sun ja. Ya ce akwai sinadarin da ake kira kalsiyam, shi ke ƙarfafa ƙashi, ya rubuta mata ƙwaya ɗaya a rana, ya ce mu dawo bayan wata uku. Sannan ya tambaye ta me take ci a gida. Ta ce miyar kuka, da kwaɗon zogale, da kunun tamba, da miyar riɗi, da nono in an samu, da ƙananan busassun kifin nan da ake dakawa har ƙayarsu. Ya yi dariya ya ce ai ita ta riga su sanin magani, ta ci gaba da cinsu, ta riƙa shan hantsi tana ɗan tattaki. Mama ta fito tana murna, ni na fito da takaici. A raina na ce zanen Mama da silifas ɗina ya duba ya auna mu. Da matar wani babban malami ce ta shigo, ai cika takarda zai yi da magunguna, mu kuwa an sallame mu da kuka. Kuma in kuka magani ce, me ya sa wadda ta tsufa tana shan ta ta karye? Ban tambaye shi ba, na haɗiye na tafi da abina.

Wata Alhamis a taron zumuntar mata na roƙi a sa Mama a addu'a. Da aka tashi, wata 'yar'uwa, mutumiyar Kudu mai shagon robobi a kasuwar Sabon Gari, ta ja ni gefe. Hausarta rabi Turancin broka ce, amma ta iya lallashi. Ta ce addu'a na da kyau, amma Allah ya riga ya aiko da amsa, ni Madam Tela in kawo Mama ranar Asabar a gwada ta da kwamfuta kyauta. Muka hau bas muka je. Wani ɗaki ne a saman bene, an jera kujerun roba, ga wani mutum da laktaye. Aka ba Mama wani ƙarfe ta riƙe, na'ura ta yi ƙara, takarda ta fito da jajayen layuka. Mutumin ya girgiza kai ya ce ƙashin tsohuwar nan kamar azarar da gara ta cinye yake, ko atishawa ta yi da ƙarfi ƙugunta na iya ɓallewa. Na ce likita ya ce ta ci kuka da nono. Ya ce wannan zamanin kakanni ne, yanzu takin zamani ya tsotse ƙasa, sai mutum ya ci kwandon ganye kafin ya sami abin da ke cikin ƙulli ɗaya na garin maganinsu. Mama ta raɗa mini cewa wannan da ganinsa ko akuya ba zai rabe da tunkiya ba, balle ya ga ƙashin mutum ta cikin ƙarfe. Na zungure ta. Muka fito da kwalin garin, wai a dama a ruwa safe da yamma.

Ban tsaya nan ba. A hanyar tasha na shiga wani kemis na ce ina son maganin ƙarfin ƙashi mafi kyau, mai shagon ya ɗauko kwalba mai manyan ƙwayoyi farare, ya ce daga waje take. Ga ta likita, ga garin kamfani, ga ta kemis. Sunayensu daban, launin kwalayen daban, ƙananan rubutun bayansu sun fi ƙarfina, sai na ɗauka kowanne da aikinsa. Sannan ga halin ɗinki. Mu teloli an koya mana in za ki yanka yadi ki bar ƙari a gefe, in riga ta yi yawa a rage, in ta matse kuwa an yi asara. Da wannan hankalin na riƙa auna wa mahaifiyata magani. Inda aka ce ƙulli ɗaya sai in ƙara rabi, ko da wani ya maƙale a jikin kofi. In ban tabbata ta sha ta safe ba, sai in sake ba ta.

Abincin da likita ya yaba kuwa, ɗaya bayan ɗaya na kore shi, kowanne da hujjata. Nonon da matan Fulani ke kawowa daga wajen Shika na ce ƙuda na bin ƙwaryar. Kifi na ce ƙaya za ta maƙale mata. Kukar kasuwa na ce akwai yashi. Tambar da ta sha wahalar kawowa na tura ƙarƙashin gado, na ce ta yi wa cikin tsohuwa nauyi. Na koma ba ta shayi da burodi da farar shinkafa da taliya, irin abin da nake gani ɗalibai na ci. Tsakar gidanmu siminti ne, kullum jiƙe da ruwan wanki, sai na hana ta fita, har hantsin da aka ce ta sha. Takan tambaye ni laifin da ta yi aka kawo ta gidan yari. Garin kuwa ta ce ɗanɗanon farar ƙasa gare shi, in dai shafe mata ciki nake son yi kamar ɗakin da ake gyarawa don Kirsimeti, to in kawo tsintsiya in gama a huta. Maƙwabta su yi ta dariya, ni in shiga ɗaki ina hawaye, wai ga ni ina wahala a kanta tana mayar da ni abin wasa.

Bayan kamar wata guda ta kira ni ta ce ƙwayar likita za ta ci gaba da sha, don da kunnenta ta ji ya faɗa, amma sauran kada in sake kawo mata, cikinta ba ya so. Ta faɗa cikin hankalinta, ba wasa a fuskarta. Na ce to. Washegari na dama mata kunun gyaɗa, na juye garin a ciki, na murƙushe manyan ƙwayoyin da bayan cokali na haɗa, na ƙara sukari da tsamiya don su ɓoye ɗanɗanon. Ta kurɓa, ta dube ni, ta ce Auta, kunun nan ya sāke. Na dubi tsakiyar idonta na ce gyaɗar ce sabuwa. Haka na yi ta yi kusan wata uku, safe da yamma, kuma kowace Lahadi ina zuwa sujada ina waƙa da zuciya ɗaya, don a ganina ceton ta nake yi.

Cikinta ne ya fara ɗaurewa, sai ta kwana huɗu ba ta zaga ba. Sai ƙishirwa, tana ajiye kofi tana neman wani, fitsari kuma ba iyaka. Abinci ya fita daga ranta, ƙwarnafi ya dame ta. Na koma kemis, aka ba ni wasu ƙwayoyi masu zaƙi da ake taunawa, aka ce ta tauna duk lokacin da ƙirjinta ya yi zafi. Na je shagon 'yar'uwar nan na faɗa mata, ta tafa hannu ta ce a gode wa Allah, magani ne ke aiki, yana kwashe dattin shekaru, kada in kuskura in tsaya a tsakiya. Maigidana ya yi ta cewa in mayar da ita asibiti, ya ce tsohuwar da ta zo tana tsokanar kowa yanzu ko gaisuwa da ƙyar take amsawa. Ranar komawa wurin likita ta zo ta wuce ina sane. Tsoro nake ji ya tambaye ni abin da take sha, ya yi mini faɗa a gaban mutane.

Sai hankalinta ya fara gushewa. Ta riƙa kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina goye. Wata rana da azahar ina shago maƙwabciya ta zo a guje, wai an tsinci Mama a bakin babban titi da zane ɗaya, tana tare 'yan acaɓa tana tambayarsu ko sun ga jar akuyarta. Matan gidanmu suka fara janye yaransu in ta leƙo. Da kunnena na ji wata na cewa tsofaffin ƙauye in sun fara irin wannan sambatu, abin da suka ci a ɓoye ne ke tambayarsu. Uwata, wadda ta shekara da shekaru tana share majami'a, ita ake yi wa kallon mayya a gidan haya. Aka kira fasto ya yi addu'a. Ni kuwa da na ga ta ƙara rauni, sai na ce ashe ƙashin ne ke ƙara lalacewa, na ƙara awo.

Wata safiya ta kasa tashi, ta yi amai a kan tabarma, ana kiranta tana buɗe ido tana rufewa. Maigidana bai ko dube ni ba, ya ɗauke ta ya sa a mota sai asibiti. Nas ta tambaye ni maganin da take sha, na ce ƙwaya ɗaya ce da likita ya rubuta. Aka ɗebi jini, aka sa mata ƙarin ruwa. Washegari wata likita mace ta kira mu ofis. Ta ce kalsiyam ɗin da ke jinin Mama ya wuce kima, ƙodarta ta galabaita, kuma da wuya ƙwaya ɗaya a rana ta yi wannan. Ko dai akwai wata cuta da sai sun bincika, ko akwai abin da ba a gaya mata ba. Na sunkuyar da kai. Maigidana ya tashi ya fita, can ya dawo da ledar da nake ajiyewa a akwatin yadi, ya zazzage ta a kan tebur. Likitar ta riƙa ɗaukar kwali tana karanta bayansa tana ajiyewa, har da ƙwayar ƙwarnafin, ta ce duk huɗun abu ɗaya ne, riga kawai aka sake musu. Ta tambaye ni nawa nake ba ta a rana. Da na faɗa, ta cire tabarau ta ajiye, ta ce kuma tsohuwar ta yarda tana shanye duk wannan? A nan na faɗi maganar kunu. Maigidana, wanda duk zatonsa da saninta take sha, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

Likitar ba ta yi mini tsawa ba, ni ma da na fi so ta yi. Ta ce jiki na da iyakar abin da yake ɗauka, abin da ya yi yawa ƙoda ce ke wahalar fitar da shi har ta gaji. Ta ce ta hanyar abinci da wuya mutum ya ci har ya cutu, don kaɗan-kaɗan yake shiga. Ƙwaya kuwa ciko ce ga wanda abincinsa bai isa ba, kuma da awo. Sai na yi mata tambayar da na haɗiye a gaban likitan farko. Ta ce shekaru ne, da yadda jikin mace ke komawa bayan al'ada ta ɗauke, kuma wataƙila ba don abincin nan ba da tuni ta karye. Amsar ke nan, ko minti ɗaya ba ta kai ba.

A rana ta biyar Mama ta buɗe ido ta kira ni Auta, ta tambayi inda muke, ta ce yunwa take ji. Yaya ya riga ya iso, yana zaune a bakin gado. Likita ta ce hankalinta zai dawo duka, amma ƙodar ba za ta koma yadda take ba. Ba wanda ya gaya wa Mama abin da ya faru, ni na durƙusa a gefen gadon na faɗa mata. Sannan ta ce ba yawan maganin ne ya dame ta ba, kowa na kuskure. Amma ai ta kira ni ta ce ba ta so, na ce to. Ta ce ta san ɗanɗanon sabuwar gyaɗa tun kafin in zo duniya, amma ta ƙaryata harshenta ta gaskata 'yarta. Ta juya ga Yaya ta ce ranar da aka sallame ta kada a biya da ita Samaru, kayanta a aiko daga baya.

Na je Sabon Gari zuciyata na tafasa. 'Yar'uwar nan ta ce ita ƙulli ɗaya ta ce, ba ta aike ni in haɗa da na kemis ba, in daina ɓata mata kasuwa. Mai kemis ya ce tambaya na yi ya bayar, shi ya ga tsohuwa da idonsa? Ɗakin saman bene na tarar da kwaɗo a ƙofa. Da Alhamis ta zagayo na ga 'yar'uwar ta ja wata gefe bayan zumunta, na tashi zan yi magana, aka ce in zauna kada in kawo rabuwa a ikilisiya. Na koma na zauna. Amma duk inda na kai haushin sai ya dawo kaina, domin babu ɗaya a cikinsu da ya riƙe cokalin.

Mama ta yi wasu shekaru bayan wannan. Ta koma abincinta na gida gwargwadon yadda likita ta tsara mata, ba ta sake karyewa ba, amma gona ta gagare ta, ƙafafunta kan kumbura, kowane 'yan watanni sai an kawo ta gwaji, a kuma koma da ita a ranar. Ta ce ta yafe mini a gaban Yaya da matarsa, na kuma gaskata ta. In na je gida tana murna, ta rungume jikokinta, ta tsokane ni kamar dā. Sai dai in na miƙa mata kofi, ko da ruwan randa ne, takan ce in ajiye nan, sai anjima. In na fita na dawo sai in tarar matar Yaya ta ɗebo mata wani. Ban taɓa yi mata magana a kai ba, ita ma haka, har ta koma ga Ubangiji.

Ina rubuta wannan ne saboda masu hali irin nawa, don na san muna da yawa, kuma mu masu sayar da kwalaye suka fi so. Na daɗe kafin in yarda cewa duk cokalin da na ƙara, don zuciyata ta kwanta na ƙara shi, ba don jikin Mama ya nema ba. Ba na cewa ƙwayar ƙashi mugun abu ce, akwai masu bukatarta. Amma in likita ya ce abincin gidanku na da amfani, ba raini ba ne, in kuma ba ku gamsu ba ku tambaye shi a nan take, ko da zai ga ƙarancin iliminku. Abin da ya rubuta ku tsaya a kansa. Duk kwalin da aka miƙo muku a kasuwa ko wurin ibada ko gidan biki, ku tattara su a leda ɗaya ku kai wa wanda ya iya karanta bayansu kafin su shiga bakin kowa. In kuwa babba yana cikin hankalinsa ya ce ba ya so, ku yi ta gardama da shi a fili, ku yi kuka, ku kira 'yan'uwa, ku koma da shi asibiti a yi maganar a gabansa, amma kada ku zuba masa a abinci. Tsoho na iya jure ciwo, yana iya jure kuskurenku ma. Amma ranar da ya fara tsoron abin da ɗansa ya miƙo masa, ni dai ban san asibitin da ake gyara wannan ba, kuma na nema.